Gangaren Baba Isiyaku

Da hantsin ranar Talata, ina tsaka da miƙar da ƙafar wani dattijo a ɗakin gashin ƙashi, sai Maman Joy, mai gidan abincin da ke jikin wurin aikina, ta leƙo idanunta jajawur. Ta ce, "Likita, Baba ya tafi." Ban tambaye ta wane Baba ba. A wannan ginin namu na Gyaɗi-Gyaɗi Baba ɗaya gare mu, Alhaji Isiyaku, mai ginin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye ƙafar dattijon a hankali, na fito na tsaya a kan gangaren da ake turo mana marasa lafiya ta kansa, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Sana'ar Baba ita ce gina wuraren kasuwanci yana bayarwa haya, amma tasa daban ce. Yawancin masu gini sukan jera shaguna iri ɗaya, sannan su nemi mai shiga. Shi kuwa sai ya sami ɗan hayar tukuna, ya je wurin da kake aiki a lokacin, ya ja kujera ya zauna da carbinsa yana kallon shigarka da fitarka, har ka tsargu. Yakan ce, "Ni ba na yi wa mutum ɗinki ban auna shi ba." A haka ya ga Maman Joy tana girki tana hawayen hayaƙi, ya yi mata kicin mai taga a saman murhu. A haka ya juya wa mai kemis ƙofarsa don kada ranar yamma ta dafa masa magani.

Ni aikina gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Da na bar asibitin koyarwa na kama wani shago a Darmanawa mai matakala a ƙofa. Ranar da Baba ya zo zaman kallonsa, aka kawo wata baiwar Allah, 'ya'yanta maza suka cicciɓe ta, ɗaya ƙafa ɗaya kafaɗa, mayafinta ya zame, mutanen titi suna kallo. Ta rufe ido tana kuka ba sauti. Baba bai ƙarasa shayin da na ba shi ba. Ya miƙe ya ce, "Likita, wannan ai ba shiga ba ce, wulaƙanci ne. Zan gina maka inda mutum zai shiga da mutuncinsa."

Duk wanda ya san unguwarmu ya san ba a gini ƙasa-ƙasa, saboda ruwan damina da yadda titi ke ƙara tudu duk sanda aka gyara shi. Dole a ɗaga gini, in an ɗaga kuwa sai matakala. Birkila ya yi ɗan gajeren gangare a gefe, aka kira Baba ya gani. Wallahi da idona na ga dattijon nan da babbar rigarsa ya zauna a keken marasa lafiya, ya ce wa birkilan, "To bismilla, tura ni." Ƙaton nan ya tura yana nishi, keken na neman dawowa da baya, mu kuma muna ta salati. Baba ya sauko ya kakkaɓe riga ya ce, "Kai ƙato kana haki, ina ga tsohuwar da za ta turo mijinta? A fasa." Aka fasa, aka ja shi dogo mai kwance, ya cinye filin da ya isa shaguna biyu a fuskar titi.

Wannan fili ne ya tsaya wa babban ɗansa Nafi'u a rai, shi da ke taya Baba kula da gine-gine. Ba mugun mutum ba ne, lissafinsa ne daban. Duk shekara sai ya tayar da maganar a rushe gangaren, a mayar da matakala, a kafa shaguna masu kallon titi. Ni kuma da saurin fushina sai mu yi ta sa-in-sa, don na san ranar da aka fasa gangaren nan aikina a wurin ya ƙare. Baba yakan bar mu mu gaji, sannan ya yi dariya ya ce, "Nafi'u, bari in mutu tukuna." Duk mukan yi dariyar tare da shi.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Bayan an sallamo shi daga asibiti, Nafi'u ne da kansa yake turo shi wurina. Ranar farko da suka iso saman gangaren, Baba ya ɗago hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace, ya ce, "Likita, ashe kaina na gina wa." Na juya baya kamar ina neman wani abu a kan tebur. Majinyaci ne mai taurin kai, in na lanƙwasa masa gwiwa sai ya ce, "Mugu! Haka ake yi wa mai gida?" Amma ko yana cikin zafin ciwo sai ya tambaye ni ko rufin yana yoyo. Ina ƙaunar mutumin nan kamar mahaifina.

A zaman makoki a gidansa na Tarauni, 'yan haya muka haɗu a tabarma ɗaya, kowa da abin da ke cin sa, ana ƙus-ƙus ɗin rabon gado. Ni maganar nan ta "bari in mutu tukuna" ce take ta yi mini yawo a ka. Bayan la'asar Nafi'u ya yafito ni gefe. Ya ce, "Yaya, da an tashi daga zaman nan zan kawo birkila wurin gangaren." Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Akwai inda sumunti ya tsage a tsakiya. Kullum na turo Baba sai taya ta faɗa ciki, in ji ya cije baki, amma bai taɓa cewa komai ba. Na yi ta cewa gobe zan gyara." Ya share ido da hannun riga. Ya ce, "A cike wurin, a sa ƙarfen dafawa a ɗaya gefen. Ba wanda zai taɓa shi ina raye." Na riƙe hannunsa, muka tsaya a jikin katanga muna kuka, manya da mu.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata makwancinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba matarsa Hajiya da Nafi'u da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ka haɗa kansu. Duk keken da aka tura a kan gangaren nan, ka kai masa ladan har kabarinsa. Ya sauƙaƙa wa marasa ƙafa hanyar shiga, ya Allah ka sauƙaƙa masa tasa zuwa Aljanna. Amin.