Ranar da Na Tari Jirgin Likita da Kalangu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da 'yar bokon da na yi ta aji biyu kafin malamin ya gaji da ni. Amma ranar da jirgi ya zo ɗaukar yayana ba za ta fita daga kaina ba sai ran da aka rufe ni.

Shekara biyu ke nan bayan babban farin nan da ya karkashe shanu. Muna wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, an gama girbi. Yayana yana kora shanu zuwa kasuwa, wani bijimi ya juyo ya soka masa ƙaho a ciki. Aka kawo shi ɗakin shan magani kwance a kan ƙyauren ƙofa. Malamin asibitin, wani siririn mutum marar son wasa, ya duba ya ɗaure, ya ce wannan sai tiyata a Kano. Ya ce kuma in aka sa shi a bayan mota a hanyar nan tamu, ba zai kai ko Gumel da rai ba.

Akwai oba-oba a ɗakinsa, wadda wasu likitoci masu ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya suka ajiye masa. Ya yi ta magana da ita, ya fito ya ce jirgi na nan tafe bayan azahar. Ya kira ni, don ni ne sarkin samari a lokacin.

"Ka san fakon nan na bayan gari? A tsince duwatsu da kututture. A kafa farin ƙyalle a kusurwa huɗu. A hura wuta a gefe da ɗanyen ganye, matuƙi zai duba hayaƙin ya san inda iska ta nufa. Kada ka ƙara komai."

"Haba Malam, me zan ƙara?"

"Na san ka ne."

Muka yi aikin tsaf. Da na tsaya na dubi filin nan fayau, sai kunya ta kama ni. A garinmu ko mai tallar goro ya zo sai an fita an tare shi. Yanzu baƙo zai taso tun daga Kano ta sama ya tarar da ƙasa tsirara? Na aika aka kira makaɗin kalangu. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakiyar ƙyallayen nan huɗu, tunda ai nan baƙo zai sauka. Mata suka zo da ƙwaryar fura. Kafin a jima, duk wanda ke da ƙafa a garin yana cikin filin.

Jirgin ya ɓullo daga kudu, ya yo ƙasa-ƙasa, ya sake tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya zagayo na biyu, har muna hango hannun matuƙin ta taga yana kaɗawa gefe. Na ce, "Gaishe mu yake! Kowa ya ɗaga hannu!" Muka ɗaga. Ni har da cire hula.

A zagaye na uku Malam ya iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, masu ɗauke da yayana suna biye.

"Wa ya tara mutanen nan?"

"Tarya ce, Malam."

"Tarya? A kan kawunanku zai sauka? Man da ke cikinsa ba na shawagi ba ne. In ya ƙara zagaye biyu Kano zai koma, yayanka kuma ba zai ga gobe ba!"

Na waiga na ga Yaya a kan ƙyauren, leɓensa ya yi fari, zanen da aka ɗaure masa ya jiƙe. Muka yi ta ihu a watse, amma kiɗa ya fi muryarmu, na baya ma turowa suke. Ban san inda dabara ta zo mini ba, na cafki rigar makaɗin na ce, "Baba, biyo ni, kada ka daina!" Na ja shi a guje zuwa gindin wata kuka can nesa. Jama'a suka bi kalangu kamar yadda suka zo. Samari suka janye tabarmi, jirgin ya sauka.

Ba a gaisa da kowa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta diro, ta taɓa wuyan Yaya, ta sa masa ƙarin ruwa nan take. An cire kujerun gefe ɗaya na jirgin, an sa siririn gado mai ɗamara, nan aka kwantar da shi aka ɗaure. Innarmu ta matso da kayan jinya: tabarma, tukunya, ƙullin gero. Matar ta ce, "Yi haƙuri Inna, jirgin ba ya son nauyi. Mutum ɗaya, ba kaya." Na yi gaba zan hau. Malam ya riƙe ni ya ce, "Kai ai ka gama naka aikin yau." Matar Yaya ce ta tafi. Suka tashi, furar ma ba wanda ya kalle ta.

Kwana arba'in ina kasa haɗa ido da Innarmu. Sannan Yaya ya dawo a motar kasuwa, ya rame, da ɗinki tun daga cibiya har haƙarƙari. Bai ƙara kora shanu ba, amma ya yi shekara talatin bayan haka. Duk sanda ciwo ya kwantar da shi, ko mura ce, sai ya ce wa iyalinsa, "Kada ku faɗa wa ƙanen nan nawa, zai zo da makaɗi."

Tun daga ranar, in wanda ya san aiki ya ce mini yi kaza, kazan nake yi, in rungume hannu. Na kuma gane cewa baƙon da ya zo ceton rai, babbar karramawar da za ka yi masa ita ce ka kauce masa daga hanya.