Na Allah Mai Rijiya Ya Koyi Iyo

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a Tchaké da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya in bai sha gumin Na Allah ba. Tun yana saurayi yake haƙa, har furfura ta cinye masa gemu. Amma duk wannan sabo da ruwa, bai taɓa shiga wanda ya wuce masa ƙugu ba.

Yayansa Rabilu ya daɗe a Gabon yana aikin gadi. Damina na faɗuwa aka bugo waya cewa ciwon sukari ya tafi da idanunsa, yana nan zaune a ɗakin wani mutumin Tasawa da ya tausaya masa. Gida yake so, sai dai dole a sami mai zuwa ya riƙo masa sanda. Jirgin sama ba na irinsu ba ne. Hanyar talaka ita ce mota har Kalaba a Najeriya, daga can a shiga jirgin katako a ratsa teku.

Na Allah ya ce shi zai je. Da wani tsohon ɗan ci-rani ya gaya masa irin jiragen nan sukan kife, bai tambayi yadda shi zai tsira ba. Cewa ya yi, "To in ya kife a dawowa, makaho ya yi ƙaƙa?"

Washegari aka gan shi a tabkin bayan gari, dattijo guda, ya rungume ƙatuwar gora yana wutsil-wutsil da ƙafafu kamar kwaɗo. Mata masu wanki suka yi dariya har da hawaye. Da hannu ya fara faɗawa sai ya ajiye gorar, ya ɗauko turmin ƙirya na matarsa Hindu, ya goya shi da rawani.

"Malam, turmina kuma mi ya yi maka?" in ji Hindu.

"Nauyinsu guda da Yaya," ya ce, ya wuce.

Ƙirya kuwa ba ta san wasa ba, nutsewa take yi. Ruwan da ya sha a tabkin nan Allah kaɗai ya san yawansa. Amma ranar da ya ƙetare daga wannan gaɓa zuwa waccan da turmi a baya, babu wanda ya yi dariya. Masu wanki suka tsaya da sabulu a hannu. Wallahi har yau in ana ba da labarin, tsigar jikin mutum tashi take yi.

Sai tabkin ya biya shi da nasa. Masassara ta kayar da shi, bayanta fitsarin jini ya biyo. A Mayahi likita ya ce tsargiya ce, ya ba shi magani, ya hana shi ruwan tabki. Yana kwance jirgin da aka yi masa alkawari ya tashi. Yana kwance maƙwabta suka girbe masa gero. Da ya miƙe, ya rame kamar kara, tabkin kuma ya ƙafe, sai taɓo da ya tsattsage.

Daga nan jira ya karɓe shi. Yau a ce injin jirgi ya lalace, gobe a ce teku ta yi fushi, a dakata. Wani da tuni ya ce Allah bai nufa ba. Shi kuwa in an taya shi jaje sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Kullum da hantsi yakan kwanta rub da ciki a kan tabarma tsakar gida, yana jan hannuwa cikin iska don kada ya manta. Hindu takan shige bayan zana ta yi kukanta, don tausayinsa ya fi ƙarfinta.

Sai da rani ya yi nisa aka ce ya taho. Abokan tafiyarsa sun ce da suka isa wani ƙauyen masunta gaba da Kalaba, Na Allah ya tsaya a bakin teku ya kasa motsi. Ya nemi ɗaya gaɓar, babu. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama, yana tashi tudu-tudu yana ruri. Ya yi ta maimaita "Subhanallahi". Nan take ya gane duk iyon duniya ba zai fisshe mutum a nan ba, balle mai goyo. Tsoro ya kama shi sosai.

Ana cikin lodi aka miƙa masa waya. Rabilu ne.

"Na Allah, ka gan ta ko?"

"Na gan ta, Yaya."

"To ka koma gida wajen iyalinka. Na yahe maka duniya da lahira. Ko ni da idona biyu na shige ta, ban sake marmarin ta ba."

Na Allah ya tattare bakin rigarsa, ya taka katakon da aka gitta zuwa cikin jirgi.

"Yaya, ka hwaɗi wani abu? Ƙarar injin ta hana ni ji. Ka ɗaure kayanka."