Ƙyauren Baffa a Ƙarƙashin Goɗiya

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutse, ni da ƙanena da direban a-kori-kura, muna jan wata ƙaramar tirela mai ƙasan katako da muka aro wajen wani mai safarar raguna. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Miga, mu ɗauko goɗiyar Baffa. Baffa ƙanen mahaifinmu ne. An yi masa aikin ido, likita ya ce kada ya ƙara zama shi kaɗai, muka dawo da shi gidana. Sati uku ke nan ya ƙi kwance jakarsa. Ya ce in ba a kawo masa goɗiyarsa lafiya ba, ranar kasuwar Jahun zai hau mota ya koma, kuma mun san zai aikata.

Kafin mu tashi na sa aka zuba yashi a ƙasan tirelar, kamar yadda kowa ke yi don kada kofato ya zame. Na zuba da kauri, ina ta yabon kaina.

Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi, kuɗin galan ɗaya ya kusa ninka na gwamnati. A Kiyawa muka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Gero ya yi kai, hagu da dama kore shar. A Jahun na ga sababbin allunan tunatarwa da aka kakkafa tun zuwan shari'a, direbanmu ya rage kiɗan kaset ɗinsa, muna wucewa ya ƙara. Daga Miga kuwa hanyar burji ce, tirelar tana ta tsalle a bayanmu kamar akuyar da aka ɗaure.

Da hantsi muka isa. Maƙwabcin Baffa, wani dattijo makiyayi da ke kula da dabbar, ya kawo mana fura da nono a ƙwarya, sannan ya kwanto goɗiyar daga turke. Muka sauke marfin bayan tirelar, na kama ragama na ja. Ta ɗora ƙafa ɗaya a ciki, ta buga kofato sau biyu, ta ja da baya. Muka zuba dusa a gaba, ta ƙi. Muka ɗaure mata ido da rawani, ta ƙi. Raina ya ɓaci, rana tana yi, na ce a kira maza huɗu su tura ta da igiya ta baya.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, dakata. Wannan ta sha shiga mota, ba ta taɓa gardama ba. Wa ya zuba yashin nan?"

Na ce ni ne.

"Ka duba abin da ke ƙasansa?"

Ban duba ba. Ya hau da kansa, ya share yashin da ƙafa, ya dinga ƙwanƙwasa katakon da sandarsa. A daidai inda ƙafafunta na baya za su tsaya, sandar ta nutse, muka hango ƙasa ta ramin. Fitsarin raguna na shekaru ya ruɓar da katakon, ni kuma na zo na lulluɓe shi da kyau. Na tuna ramukan hanyar Miga, na tuna doki in ya karya ƙafa ba ya tashi.

Kafintan ƙauyen ya zo ya ce ba shi da katako mai kaurin ɗaukar doki. Aka yi cirko-cirko, sai ƙanena ya nuna ɗakin Baffa. Ƙyaurensa tsohon katako ne, mutum biyu ke ɗaga shi. Muka ɓalle shi, kafinta ya daidaita shi a kan ƙarafunan tirelar ya ɗaure da kusoshi, muka watsa yashi kaɗan. Goɗiyar ta shinshina, ta buga kofato sau ɗaya, ta shige da kanta.

A hankali muka dawo, muna tsayawa muna leƙa ta, har masu keke suna wuce mu. Da la'asar muka shiga Dutse. Baffa bai amsa gaisuwarmu ba sai da ya shafa ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan hannunsa ya kai kan katakon, ya lalubi wani tsohon tsagi da ya sani.

"Wannan ba ƙyaurena ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Baffa."

Ya yi dariya. "To ɗakin da ba ƙofa, me zan koma in yi a ciki? Ku ce a kwance mini jakata."

Tun ranar ba na zuba yashi a ƙasan mota sai na ƙwanƙwasa katakonta, kuma in dabba ta ƙi shiga, ni nake fara shiga in duba. Ƙyauren da muka ciro daga tirelar yana jingine kusa da turken goɗiyar, Baffa ya hana a taɓa shi.