Ranar da Jan-baki Suka Sauka a Shinkafarmu

Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, a shekarar da nake aji ɗaya na babbar sakandare, Inna ta ɗora mini kwanon dambu da gorar kunu ta ce in kai wa ƙanena Habu fadama. Shinkafar ranin Baba ta fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki suka fi sonta ke nan, kuma Habu ne aka ɗora a rumfar tsaro. Tun daga gaɓar kogi na san ba lafiya, don ban ji ƙarar gwangwanaye ba. A fadamar Haɗejiya kowace gona tana da igiyoyi da aka ja daga rumfa zuwa kusurwoyinta, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, mai tsaro yana ja yana ihu daga hantsi har yamma. Gonakin maƙwabta duk suna kaɗawa, tamu ce kawai ta yi tsit. Da na ƙarasa sai na ga tsuntsaye sun rufe ta kamar hayaƙi, rumfa kuwa ba kowa sai takalmi wari guda. Na dire kwano na kama igiya ina ja ina kuka, amma aikin gama ya riga ya gama. Can gonar wani maƙwabci na samo Habu a tsugune gaban injin ban-ruwa da ya mutu, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, fuskarsa cike da murna. "Yaya, kin ga ya tashi," ya ce da ni. Sai ya dubi fuskata, ya ɗaga kai ya ga inda rana take, murnar ta zube.

Shekarar Habu goma sha huɗu a lokacin, amma tun yana rarrafe Inna ta sa masa suna Mazari. Gidanmu na ƙasa ne mai zaure da turken awaki da bishiyar darbejiya a tsakar gida, kuma babu katangar da bai hau ba, babu reshen da bai faɗo daga kai ba. In aka aike shi sayen gishiri da daddawa da ashana, to a godiya wa Allah in ya dawo da ashanar. Yakan kwance akuya don ya ba ta dusa, kafin ya ɗaure ta ya hango yara suna langa a ƙofar gida, sai dai mu ji salatin maƙwabciya akuya ta shiga mata shanya. A iyo babu wanda yake kama shi, a ƙwallo ma haka, amma layin jiran ɗibar ruwa a famfo ya fi masa bulala ciwo. Yana katse manya cikin magana, ba don raini ba, sai don maganar ta riga ta fito kafin ya kama ta. A makaranta bencin baya aka jefa shi, yana kiɗa da biro a kan tebur, ƙafarsa tana rawa. In malami ya tambaye shi da baki sai ya ba da amsar da 'yan gaba ba su sani ba, amma takardar jarrabawarsa rabi a rubuce rabi fari fat. Ya sha duka har malamai suka gaji da shi. Ni kuwa, da nake ganin kaina uwar natsuwa, nakan ce masa kunnensa na ado ne. Wata rana ina yi masa wannan tsiyar ya ce, "Wallahi Yaya ina so in ji, sai dai kawai in ga an gama maganar." Na yi dariya a lokacin, ban san gaskiyarsa ya faɗa mini ba.

An yi masa magani iri-iri. Wasu suka ce iskar ruwa ce ta shafe shi saboda yawan shiga kogi da tsakar rana, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, ya sha ya shaƙa, ya ci gaba da tsalle-tsallensa. Da ya fara tasawa wasu suka ce a bincika ko ƙwaya yake sha. Baba ya zazzage aljihunsa, bai samu komai ba sai ƙusoshi da guntun waya da busasshen goruba. Daga ƙarshe Baba ya koma ga maganin da danginmu suka gada: yaron da ba ya zama, a kai shi rumfar tsaro shi kaɗai, ba aboki ba abin wasa, ya wuni yana kallon sama. "Rumfa za ta koya masa zama," in ji Baba. A haka aka damƙa abincin gidanmu na rabin shekara a hannun wanda ba ya iya jiran shayi ya huce.

Ranar da abin ya faru Baba bai doke shi ba, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Ya zagaya gonar yana murza zangarniya, yana buɗe hannu ƙaiƙayi yana zuba. Bayan la'asar yayansa, Baffa Sule, ya zo suka zauna a zaure, ni kuma ina tankaɗe a bayan ƙofa ina jin komai. Baffa ya ce yaron nan ya kangare, kuma ya san wani gidan mari a can bayan gari inda ake gyara irinsa. Kowa a unguwarmu ya san gidan mari, gida ne da ake tsare kangararrun yara a sa musu ƙarfe a ƙafa, sai sun yi laushi a sako su. Na taɓa ganin wani yaro da ya dawo daga can, yana tafiya yana jan ƙafafu kamar har yanzu ƙarfen yana nan, ba ya ɗaga ido ya dubi kowa. Daga ƙarshe Baba ya ce, "Da an yanke abin da ya saura, a kai shi." Na ajiye rariyar. Inna ta yi kukanta a madafi ta ce hayaƙi ne. Aka koma makaranta daga hutu, Baba ya hana Habu komawa, ya zauna a gida yana jiran ranar yankan shinkafa, ya daina dariya, ya daina hawa darbejiya, ƙafar ce kawai ba ta daina rawa ba.

Malamar ajinsu, Malama Yagana, ita ce ta biyo sawu da ta ga bencinsa ba kowa. Mace ce siririya mai magana a hankali, iyayenta mutanen gabas ne, tana jan harshe kaɗan in tana Hausa. Ta zauna a tabarmar Inna ta sha ruwa, ta ce ta daɗe tana lura da Habu. In ta sa shi goge allo ko rabon littattafai, darasin da ya biyo baya yakan zauna masa. In ta yi dogon bayani kuwa, tana ganin lokacin da idonsa yake fita ta taga. Ta ce a wajen karatunta na koyarwa an yi musu bayanin yara irinsa, abin yana da suna, kuma akwai likitocin da suka san shi a Kano. Da maganar ta kai ga Baba ya ɗaure fuska ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa garin ya ji. Inna ba mai ja-in-ja da Baba ba ce, ban taɓa jin ta yi ba sai ranar. Ta ce, "Malam, ka kai shi. In likita ya ce ba komai sai iskanci, ni da hannuna zan haɗa masa kayan gidan marin." Baba ya yarda, kuma da yake cikin Inna ya tsufa ba ta iya doguwar tafiya, ni aka ce in bi su don in ba da labarin gida.

Likitan bai yi kama da abin da muke tsoro ba. Ya ba Habu kujera, bai ce masa ya daina motsi ba. Ya yi ta tambaya har na gaji: tun yaushe yake haka, a gida ne kawai ko har makaranta da Islamiyya, yaya barcinsa, ya taɓa suma ko farfaɗiya, yana da abokai. Aka duba idonsa da kunnensa, aka yi gwaje-gwaje, likitan ya kira Malama Yagana a waya ya ji ta bakinta, sannan ya ce mu sake dawowa. A zuwa na biyu ya tambayi Habu yadda yake ji in ana koyarwa. Habu ya ce kamar kasuwar kifi ce a cikin kansa, kowa yana kiransa lokaci guda, shi kuma duk wanda ya fi ƙara shi yake bi. Likitan ya gyaɗa kai ya juya ga Baba. Ya ce wannan matsalar ƙarancin natsuwa ce da yawan kazar-kazar, wadda a asibiti suke kira ADHD, da ita ake haihuwar wasu yara, ba hauka ba ce, ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Ya ce irin waɗannan yara sukan nutse cikin abin da ya ja hankalinsu har su manta da duniya, amma a zaunar da su su kaɗai suna jira, babu aikin da ya fi musu wuya. Duka da ɗauri kuwa tsoro kawai suke ƙara musu.

Sai ya tambaya ko akwai wani mai irin halin a dangi, don abin yakan bi jini. Na sunkuyar da kai don kunya, a nan idona ya faɗa kan ƙafafunsu biyu a jere, ta Baba da ta Habu, suna rawa tare. Mun san Baba yana neman hularsa alhali tana kansa, mun san dangar da ya fara ya bari ya koma gyaran rumbu, amma wa yake kallon mahaifinsa ya ce ga abin da ke damunsa? Baba ya share gumi ya ce a aji huɗu na firamare ya gudu daga makaranta saboda bulala, har yau kuma yana ɗaukar kansa daƙiƙi. Ya ce, "Ni ma an kai ni rumfa. Ni ma jan-baki sun cinye." Habu ya juyo ya dube shi da baki buɗe. Da muka tashi tafiya Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Likita, ni fa, na makara ko?" Likitan ya ce ba a makara da sanin kai, kuma dabarun da za a koya wa ɗan za su yi wa uban amfani. A mota na ga hannun Baba a kan gwiwar Habu har muka shigo Haɗejiya. Da Baffa Sule ya zo bayan yanka ya ce ina yaron, Baba ya ce masa, "Yaya, ba inda za shi, makaranta zai koma."

Ba a dare ɗaya abin ya gyaru ba. An ba Habu ƙwaya guda da safe, ta rage masa cin abinci da farko har Inna ta damu, aka koma aka auna shi aka daidaita ta. Wani lokaci maganin yakan yanke, sai an jira mai zuwa Kano. Malama Yagana ta dawo da shi bencin gaba, nesa da taga. Inna ta koyi aikensa abu ɗaya, ta sa ya maimaita kafin ya fita, ta kuma koyi cewa "madalla" in ya dawo daidai, kalmar da Habu bai saba ji ba. Addu'a ba a daina ba, hayaƙin ne aka daina. Karatun yamma aka yanka shi gajere-gajere, ya yi kaɗan ya tashi ya ba awaki ruwa ya dawo. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Baba, wanda ya ce zai riƙa zama don ya sa masa ido, sai ga shi yana leƙa littafin yana haɗa baƙaƙe, in lokacin tashi ya yi kuma shi yake fara miƙewa. Habu ya ci gaba da zubar da takalma, ya faɗi lissafi sau ɗaya ya sake, amma ya gama sakandare ya wuce kwalejin fasaha, ƙafafunsa kuma ba su taɓa sanin ƙarfe ba.

Yanzu ni ma malama ce, kuma abubuwa sun ɗan sauya. An rufe da yawa daga gidajen mari, ana maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a rediyo ba tare da an rage murya ba, ko da yake likitocin har yau sun yi kaɗan, tafiyar kuma ba ta gajarta ba. Ina kewar tsakar gidanmu na da, da hayaniyar Habu da nake tsana a lokacin, nakan kuma tuna yaron da Baba ya taɓa zama, wanda babu malamar da ta biyo sawunsa. Bara wani maƙwabcinmu ya zo yana kukan ɗansa ya gagare shi, Baba ya saurare shi har ƙarshe, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa, washegari ya sa babbar riga ya raka su asibiti da kansa. Furfura ta gama cin gemunsa, har yau kuma ƙafarsa tana rawa in ya zauna, sai dai ba wanda yake jin kunyarta a gidanmu.