Ƙafar Hagun Hodi

Shekara goma sha tara Hodi yana gadin wani rukunin gidaje a unguwar Gesse, ko abokan aikinsa ba su san yana ɗingishi ba. Cutar shan inna ce ta taɓa shi yana ƙarami a Ambursa, ta bar masa ƙafar hagu siririya, ta gaza ta dama da faɗin yatsa biyu. Wanda ya rufa masa wannan asiri shi ne Maliki, wani baduku a Argungu.

Maliki bai san wata lambar takalmi ba. Kwali yake shimfiɗawa ya ce taka, ya zagaye ƙafar da biro. In ya zo ɗinka na hagu sai ya zurfafa shi, ya jera fata hawa-hawa a ciki, daga waje kuwa ba ka bambance su. Maganar Allah takalmin ba shi da kyan gani, baki shirim kamar kan tarwaɗa. Amma in Hodi ya sa shi, tafiya yake a miƙe kamar soja, kuma da wannan tafiyar yake ciyar da matarsa Aishatu da 'ya'ya biyar.

Sai kamfanin gadin ya yi sabon manaja, ɗan ƙwalisa. Ya raba wa kowa takalmi sau-ciki ɗan kanti, baƙi wul, mai tsinin baki, sai sheƙi yake. Ya ce ranar Litinin akwai fareti, kowa da sabon takalmi, wanda duk ba shi da cikakkiyar lafiya ya nemi wani aikin.

Hodi ya gwada a gida. Na dama ya matse shi, na hagu ƙafar na iyo a ciki. Ya cusa kwali, ya cusa soson katifa, dunduniya ta fito waje. Ya cire kwalin da soson, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, kafaɗa na faɗuwa gefe guda. Aishatu ta kau da kai. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ranar Asabar ya hau mota sai Argungu. Ya tarar da Maliki kwance a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun bayan salla. Hodi ya durƙusa ya miƙa masa takalmin.

"Baba, ka taimake ni. Ko gaya mini ka yi, ni in ɗinka."

Tsohon ya shafa shi da hannun hagu, ya zura yatsa ciki.

"Hodi, wanga roba ce da gam. In an buɗe ba ya komawa, kuma ba shi da zurfin da za a ɓoye komai. Na masu ƙafa biyu daidai ne."

Hodi ya zagaye kasuwa, duk mai gyaran da ya nuna wa sai ya girgiza kai.

Ranar Litinin ya shiga layi, takalmi na ƙyalli. Aka ce a taka. Taku shida ya yi manaja ya ɗaga hannu.

"Malam Hodi, me ya sami ƙafarka?"

"Targaɗe ne, ranka ya daɗe."

"Ayya, sannu. Ajiye kayan aikin ka je gida ka huta. Ranar da ta warke ka dawo, wurinka na nan."

Hodi ya ce ya gode.