Wutar Gidan Inna

Likitan da ya duba Inna a Rano bai yi doguwar magana ba. Ya ɗora abin sauraronsa a bayanta, ya ce ta ja numfashi. Ta ja, ƙirjin ya yi ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure. Ya juyo wajena ya ce, "Hajiya, mahaifiyarki ta gama da hayaƙi. In ta ci gaba da zama gaban murhu, maganin nan ba zai yi mata komai ba." Ni ba Hajiya ba ce, tela ce mai keke ɗaya a gidan miji, amma na ji shi sarai. Inna ita kaɗai ce a gidanmu na Kahu tun rasuwar Baba, kuma ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta sai mutuwa. Ni ce babba, ni ce ta kusa, don haka neman wutar da ba ta hayaƙi ya faɗo kaina.

Da lantarki na fara, tunda waya ta ratsa ta ƙofar gidan. Na sayo mata rishon lantarki, na kai mata ina jin daɗi kamar na kai mata kujerar Makka. Gidan ba mita, ƙiyasi ake yi. Mai raba takardar kuɗin wuta ya leƙo ya hango rishon, wata na zagayowa kuɗin ya kumbura. Wutar kuwa sai ta ga dama. A kawo ta ana kiran la'asar, kafin ruwa ya tafasa an ɗauke, a bar tsohuwa da shinkafa tsamo-tsamo a tukunya. Na je ofishinsu da kaina. Wani mai hula a karkace ya saurare ni yana danna waya, ya ce maganin tsadar wuta shi ne a riƙa kashe ƙwayayen fitila da rana. Ƙwai ɗaya ne a gidan, shi ma rabonsa da haske har gizo ya yi saƙa a jikinsa. Na tsaya ina kallon mutumin nan, na rasa ta inda zan fara zaginsa, na fito ina huci.

Sai na koma gas. Ɗinkin salla guda na tattara na sayi tukunya, irin mai murhu a kanta. A Rano nake cikowa, in yi ta roƙon direban motar haya ya yarda ya sa ta a but, shi yana mita fasinja suna salati. Inna da farko ko kusa da ita ba ta zuwa, wai bam na kawo mata. Na yini ina murɗawa ina kashewa a gabanta har hannunta ya saba. Na koya mata duk dabarar da na sani ta tattali: ta jiƙa wake tun da wuri, ta rufe tukunya, ta rage wuta in abu ya tafasa, ta dafa na rana da na dare lokaci ɗaya ta zuba a kula. Ta ce to. Kuma wallahi abin ya yi aiki. Tarin ya kwanta, idonta ya daina ruwa, har ta koma zuwa kasuwar Kibiya da ƙafarta.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Gas ɗin ba ya daɗewa. Ni da nake girka wa miji da 'ya'ya, tawa tukunyar tana nan da nauyinta, ta tsohuwa mai cin loma uku ta zama fanko. Kuɗinsa kuma kullum sama yake yi, duk zuwan da zan yi sai mai gas ya tare ni da "Ai ya ƙara tashi," yana murmushi kamar albishir yake min. Na zarge shi da tauye awo, muka yi ta sa-in-sa har mutane suka taru. Na shafa kumfar sabulu a wuyan tukunyar ko tana zuba, ba ta zuba. Na tambayi Inna, ta ce ita dai girki take yi.

Wata ranar kasuwar Kibiya, da damina, na je sayen kayan miya, na ce bari in ƙarasa Kahu in gaishe ta. An kwana ana ruwa. Ina yin sallama na tarar da tsakar gidan cike da mata. Tukunyar wani gida ce a kan wuta, waken da ko jiƙa shi ba a yi ba yana ta zaɓalɓala, murfin a ƙasa, an ƙure wutar har tana lasar gefe. Wasu tukwanen suna jere a bakin rumfa suna jiran layi: mai ruwan wankan jego, mai kunun yara, har da mai dafa ganyen magani. Inna tana kan tabarma tana ba da umarnin wadda za ta ɗora in an sauke.

Na san tushen abin, don a gidan na tashi. A unguwarmu mace ba ta wahalar hura wuta in maƙwabciya ta riga ta. Kasko za ta ɗauka ta shiga ta ɗebo garwashi, a gaisa, a ji yadda aka kwana. Inna kuwa tun tana amarya hayaƙinta ne ke fara tashi, ba gidan da bai taɓa cin tuwon da wutarta ta dafa ba. Da gas ya zo, mata suka shigo da kasko suka tarar ba garwashi. Ita kuma ba ta iya buɗe baki ta ce babu. Sai ta ce su kawo tukunyar gaba ɗaya.

Idona ya rufe. Na sa hannu na kashe wutar, na ce, "Bayin Allah, kun san da me ake cika abin nan? Idona nake ƙarewa a kan allura, ku kuna dafa wake gaya a kai! Magani ne wannan, likita ne ya rubuta, ba wutar gayya ba ce. Duk mai son ɗorawa ta kawo nata kason a cika."

Gwaggo, aminiyar Inna da katanga ɗaya ta raba su, ita ta amsa. Ta miƙe a hankali ta gyara mayafi ta ce, "'Yar nan, a wutar gidana aka dafa ruwan da aka yi miki wankan farko. Ban san yau wuta ma sai an saya ba. Allah Ya ba ki haƙuri." Ta sa tsumma ta ɗauki tukunyarta da waken rabin dahuwa, sauran suka bi bayanta. Inna ta juya fuskarta ga bango, har na tafi ba ta amsa sallamata ba.

Har gobe ina nan a kan bakana, gaskiya na faɗa. Garwashi in ka ɗiba wani yana nan, gas in ka ɗiba ya tafi, kuma ba daga kurmi ake roro shi ba. Wa ya kamata ya ji kunya, ni ko masu ƙona numfashin tsohuwa don itacensu ya jiƙe?

Wata ya wuce tukunya ba ta ƙare ba. Na ce madalla. Wani watan ya kama, na ɗaga ta, nauyinta yana nan kamar ranar da na kawo. A waya kuma na fara jin Inna tana yanke magana tana cewa ƙura ce ta sarƙe ta, ana tsakiyar damina. Na yi sammako na je. Tun daga bakin hanya na hango hayaƙi yana tashi daga gidanmu. Tana durƙushe gaban duwatsun murhun da na kwashe na jibge a bayan gida, ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Tana hura ɗanyen kara da bakinta, ta hura ta yi tari, ta hura ta yi tari, hawaye har haɓa. Tukunyar gas tana ɗaki an lulluɓe ta da zane.

Na ce, "Inna, kashe kanki za ki yi?"

Sai da tarin ya sake ta sannan ta ce, "Ke kin yi faɗanki kin hau mota. Ni aka bari da unguwa. Ba mai shigowa, ba mai cewa kin tashi lafiya. Da na hura wannan, jiya mutum biyu sun zo da kasko." Ta ci gaba da hurawa. "Kuma tunda an riga an hura, ai sai a ɗora tuwo."

A makon nan aka kwantar da ita a asibiti. Ina zaune bakin gado ina kallon ƙirjinta yana sama yana ƙasa da ƙyar, ina tafasa. Na ji haushin masu wutar da suke karɓar kuɗin duhu. Na ji haushin duk wanda yake da hannu a tashin kuɗin gas, wanda na tabbata bai taɓa hura ɗanyen kara ba. Na ji haushin Gwaggo da ta zo dubiya da kwanon fura tana share hawaye, na ji haushin Inna kanta. Likita ya ce in aka sake dawo da ita a haka, kada in ce bai gaya min ba.

Ranar da aka sallame ta, na bi gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa a gaban Gwaggo, ba don na yi laifi ba, na ce don Allah su dawo da tukwanensu. Sai da ta ja min rai son ranta kafin ta ce ai komai ya wuce. Roƙo biyu na yi musu, su jiƙa wake, su rufe tukunya. Suna rufewa in ina nan.

Yanzu unguwa guda nake ciko wa gas. Keken ɗinki ɗaya ba zai ɗauki nauyin tukunya biyu ba, don haka tawa na sayar, na kafa duwatsu uku a bayan ɗakina a Rano. Maigidan ya yi faɗa ya gaji, tuwo dai yana zuwa a kan lokaci. Inna ta yi ƙiba, muryarta ta washe, tana kirana ta ba ni labarin wadda ta haihu da wadda miyarta ta ƙone. Ba ta san da murhun nan ba, kuma na gargaɗi yara. In muna magana tari ya taso min, sai in nesanta wayar da bakina har ya wuce.