Jeppe Mai Gemun Haya

Duk garin masunta na Skagen babu wanda ya kai Jeppe Ravn kama da masunci, babu kuma wanda ya kai shi tsoron ruwa. Da ya taka kwale-kwale sai amai. Amma Allah ya ba shi gemu har ƙirji, don haka da masu zane suka fara zuwa daga Kopenhagen, shi suka riƙe. Su ba shi igiya, ya tsaya kan busasshen yashi yana hararar teku. A hoto dai, mutanen da ya ceto ba su ƙirguwa. A gida kuwa matarsa Birthe ke ƙyafe kifin wasu su ci abinci.

Ana nan sai wani saurayi mai zane, Vilhelm Stampe, ya dawo daga Faris da sabon yayi, wai haske ake zanawa yanzu, ba mutum ba. Jeppe ya taje gemu ya je wurinsa.

"Yallaɓai, in ɗaga haɓa ne?"

"Yadda ka ga dama, Baba. Ka dai matsa can nesa."

Haka Jeppe ya sha rana har bazara ta ƙare. Ranar da aka rataye hoton a masaukin baƙi, ya sa kayan zuwa coci, ya jawo Birthe. Ta ƙura ido, ta ce, "To, ina kake?"

Ya nuna wani shuɗin dabbare a gefe.

"Au, na ɗauka buhun gishiri ne."

Stampe ya ce ai daga nesa ake kallo. Suka yi ta ja da baya har bakin ƙofa. Birthe ta ce, "Gaskiyarsa, maigida. Daga nan ka fi kyau."

Jeppe ya rantse yaron ya ci masa mutunci. Ga shi sabon yayin ya kama sauran masu zanen, har da na Norway da Suwidin, kasuwar gemu ta mutu.

Sai labari ya zo cewa hoton ya yi suna a birni, baƙi suka fara tambayar mutumin cikinsa. Nan take Jeppe ya gano kamanninsa a dabbaren. Maƙwabcinsa Laurids ma ya gano nasa, wai ya taɓa giftawa ta wurin da kwando. Gaisuwarsu ke nan ta ƙarshe. Ko a jana'izar Jeppe, Laurids sai da ya raɗa wa fasto cewa marigayin mutumin kirki ne, amma kafaɗar da ke hoton ba tasa ba ce.